Gwaggo Ta Wanke Jarrabawata

Gyaɗi-Gyaɗi, 6 ga Mayu, 1957

Zuwa ga Sa'adiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu. Yaya ruwan zafi? Tarauni ba nisa, amma kunyar surukai ta hana ni leƙowa, sai takarda.

Bayan haka, ina cikin tashin hankali. Kin san a aikinmu na 'yan sanda ana koya mana ɗaukar hoton zanen yatsa: ɓarawo ya taɓa abu, mu barbaɗa hoda, shatin ya fito, mu ɗauka. Jiya malaminmu, Sajan Ejike, ya ba kowa tambulan a kwali, ya ce jarrabawa ce, mu kawo hoton yatsan da ke jiki. Wanda ya faɗi, titi zai koma yana ba motoci hannu.

Na ajiye nawa na tafi masallaci. Gwaggo Tabawa da ke yi mini girki ta gani, ta ce ƙazanta ba a gidan ɗanta ba. Ta dirje shi tas da toka, har tana jiran godiya. Wallahi kamar in yi kuka.

Mijinki,
Baballe

9 ga Mayu

Sa'adiya,

Bayan gaisuwa, na yi dabara. Na ce ai yatsan na Sajan ne, sai na gayyato shi cin tuwo, na miƙa masa ruwa a tambulan ɗin don ya sake taɓawa. Bawan Allah ya dube ni, ya zaro hankici, ya riƙe da shi, ya sha abinsa. Gwaggo ta fusata, wai ƙyamar wankinta yake, ta sake dirje shi. Ki taya ni addu'a.

Baballe

13 ga Mayu

Sa'adiya, albishirinki!

Da fatan kun tashi lafiya. Na je wurin Sajan, na ce ban samu komai ba. Ashe Sajan bai taɓa ko ɗaya ba, wankakku ya raba mana. Sauran abokaina duk sun kawo hotuna masu kyau, amma kowa nasa babban yatsan ya ɗauka. Ni kaɗai na ci!

Sai dai ki gama wanka ki dawo da wuri, don Allah. Gwaggo ta ce ita ta ci, ba ni ba. Ta tara toka kwando guda, kullum tana tambaya yaushe za a fara kawo kayan ɓarayin gaske.

A gaida su Inna, ki shafa mini kan 'yata.

Mijinki mai kewarki,
Baballe