Kogin da Mahfuz Yake So In Gani

Lahadi, 3 ga Agusta, 2025

Mahfuz ya rubuto. Wai in zo Chaina in huta. In huta! Ƙanen da na goya a bayana, wanda tun da ya zo ya ɗauki amaryarsa bai sake taka Bauchi ba, yau shi ne ya tuna ina da jiki mai gajiya. Ya ce garinsu, Yichang, a bakin wani babban kogi yake, inda ruwa ya ratsa ta tsakanin manyan duwatsu, mutane daga ko'ina suna zuwa kallo. "Adda Zubaida, ki zo ki gani da idonki. Komai na tafiyar a wuyana."

Na kifa wayar na ci gaba da ɗinkina.

Talata, 5 ga Agusta

Na duba hotunan da ya turo. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, wurin yana da kyau. Ruwa kore shar, duwatsu sun miƙe gefe da gefe kamar katanga, gajimare ya sauko ya zauna a kansu, jirgin ruwa can ƙasa kamar ɗan takalmin yaro.

Sai haushin ya ƙaru. Wato abin da yake kallo ke nan duk shekarun da nake juya mahaifiyarmu Hajja a kan katifa, ina mata tsarki, ina ba ta kunu da cokali. Na bar koyarwa saboda ita. Malam Ladan ya jira ni har ya gaji ya auri wata, yanzu 'ya'yansa ta ƙofar gidanmu suke wucewa Islamiyya. Shi kuwa Mahfuz, da ya turo na magani ya bugo waya, shi ke nan, Hajja ta yini tana sa masa albarka da bakin nan nata da ciwo ya karkatar. Ni mai wankin zani ba a cika tunawa da ni a addu'ar ba.

Allah Ya jiƙanta. Ban ce ba ta so ni ba. Abin da kunnena ya ji na rubuta.

Asabar, 9 ga Agusta

Liatu ta zo daga Gwallameji da gyaɗa dafaffiya. Tare muka yi kwalejin horar da malamai, ga ta yanzu shugabar makaranta, ni ga ni da keken ɗinki. Na nuna mata hotunan don ta taya ni jin haushi, sai ta riƙe wayar tana "Kai! Kai! Zuby, ikon Allah!"

Na ce mata mutumin da bai zo ta'aziyyar uwarsa ba. Ranar rasuwar ya yi kuka a waya ya ce zai iso kafin sadakar arba'in. Na gyara masa ɗaki. Shiru. Sai 'yan kalmomi a rubuce, wai uzuri ya taso.

Ta ce, "To ki je ki zage shi a can mana. Zagi a bakin kogi ya fi zagi a unguwar Jahun daɗi."

Na yi dariya ban shirya ba. Ta ce in ban je ba wa na hukunta, shi ko ni? Liatu tana da wannan hali na yi wa mutum tambaya ta tafi ta bar shi da ita.

Laraba, 13 ga Agusta

Na rubuta masa "To." Ita kaɗai. Ya cika min waya da godiya.

Juma'a, 22 ga Agusta

An ɗauke ni hoton fasfo. Mai ɗauka ya ce in ɗaga haɓa, in ja mayafi baya kaɗan. Da na ga hoton sai na ga Hajja. Ramin idon, layin nan na gefen baki. Yaushe na zama haka? Da na shiga ɗakin jinya mace ce ni da ake tsayawa a gaisa da ita a hanya.

Na dawo ban iya cin abinci ba.

Litinin, 1 ga Satumba

Kawu Mudathir ya taso takanas daga Zungur, wai ya ji labari. Ya zauna a tabarma ya sha fura, sannan ya fara. Mace ita kaɗai, ƙasar da ba a kiran salla, ba muharrami, me mutane za su ce.

Na ce, "Kawu, ranar da na ɗauki ƙanwarka a kafaɗa na sa ta a keke zuwa asibiti ana ruwa, ban ga muharrami ba."

Ya juya hularsa a hannu. Ya ce ai lokacin damina ce, aikin gona ya riƙe shi. Na ce na sani, kowa akwai abin da ya riƙe shi, ni kaɗai ce Allah Ya halitta ba abin yi.

Bai kamata in faɗa wa babba haka ba. Amma ban ji nadama ba, kuma ba zan rubuta cewa na ji ba. Da zai tafi ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Ya bar min masara ɗanya.

Alhamis, 11 ga Satumba

Kasuwar Wunti. Aishatu, matar Mahfuz, ta roƙi kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji. Liatu ta ce kada in kuskura in ɗauki daddawa, za a tare ni a filin jirgi saboda wari. Na sayi rigar sanyi a wurin 'yan gwanjo, doguwa har gwiwa, na gwada a gida na zama kamar buhun gawayi.

Mahfuz ya tsara min komai. Mota zuwa Abuja, jirgi, wani jirgin, sannan jirgin ƙasa. Ya ce akwai jirgin ruwa da ke shiga cikin kwazazzabon da safe ya dawo da yamma, kuma lokacin da zan iso ganyen kan duwatsun ya fara ja. Ni da babban ruwan da na taɓa gani shi ne dam ɗin Gubi, shi ma daga nesa. Ina tsoro. Ina kuma so. Wannan na biyun ba wanda zan gaya wa.

Abu ɗaya: har yau bai kira ni ba. Rubutu kawai. In na kira, Aishatu ce ke ɗauka, yana wurin aiki, yana barci, ya fita. Wato ya iya saya min tikitin jirgi amma muryarsa ta fi ƙarfina.

Laraba, 17 ga Satumba

Abuja, wajen biza. Layi, tambayoyi, zanen yatsa. Ma'aikaciyar wurin ta tambaye ni me zan je yi. Na ce ziyarar ɗan'uwa da kallon kogi. Na ji bakina ya faɗi haka kamar wata mai gata.

Lahadi, 21 ga Satumba

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi Aishatu ta kira. Ban gama amsa sallama ba ta fashe da kuka. Ta ce, "Adda, ba zan iya bari ki hau jirgi ba ki sani ba." Mahfuz ya faɗi. Ana saura kwana kaɗan ya taso zuwa arba'in ɗin Hajja, ya yanke jiki a banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama, da baki. Irin na Hajja sak. Duk saƙonnin nan da hannun hagu yake danna su, wani sai ya yi rabin yini a kansa. Shi ya hana a gaya min, wai yanzu na sauke wani nauyin.

Na ce to me ya hana ku dawowa gida? Ta ce a can ake masa magani, wurin aikinsa ne ke ɗaukar nauyi, likitoci sun ce kada a katse.

Na tambaye ta kai tsaye: hutu aka kira ni ko jinya?

Ta ce, "Shi hutu ya kira ki, wallahi. Ya ce ko a keken guragu ne sai ya raka ki cikin jirgin ruwan. Ni ce nake son ki zo ki taimake ni. Yara biyu, Adda, ba ni da kowa a nan. Ban iya ba. Jiya ya kusa suɓuce min a ƙasa."

Na ce Allah Ya ba shi lafiya, na kashe.

Litinin, 22 ga Satumba

Ashe ba ƙanena ne ya tuna da ni ba, ciwo ne ya tuna da mai wankin zani.

Laraba, 24 ga Satumba

Ba zan je ba. Na mayar da rigar sanyin cikin leda na cusa ƙarƙashin gado.

Duk dangin nan ba wanda ya taɓa nemana don ni. In an ji "a kira Zubaida", to wani ne ya kwanta. An nuna min duwatsu da kore ruwa kamar yadda ake nuna wa akuya dusa a kai ta turke. Zan tsallaka duniya in je in shiga wani ɗakin mai warin man zafi, in kalli kogin ta taga in an bar ni.

Kuma abin da ya fi ci min rai: wata da watanni ina riƙe da shi a zuciya kan rashin zuwansa, ina shirya kalaman da zan gaya masa, yanzu an ƙwace min su. Wa zai yi faɗa da mara lafiya? Ko fushin nawa bai bar min ba. To, arba'in na yafe, ba laifinsa. Sauran shekarun fa? Lokacin ƙafarsa lafiya lau.

Asabar, 27 ga Satumba

Na gaya wa Liatu. Na zaci za ta fara min wa'azin zumunci. Ba ta yi ba. Ta ce, "In kin ƙi, ba ki yi laifi ba. Kin yi naki har da na wasu." Ita ce ta farko da ta taɓa faɗa min haka. Na yi kuka a gabanta kamar yarinya, ta bar ni har na gama, ta tashi ta ɗora mana shayi a kicin ɗina kamar gidanta.

Talata, 30 ga Satumba

Biza ta fito. Na kalle ta na ajiye.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Mahfuz ya kira da kansa, kiran bidiyo. Na ɗauka ban lura ba.

Ya rame. Furfura a gemu, shi da na girme shi. Bakin ya ja gefe, yawu yana taruwa a kusurwa, kuma ba wanda ya goge masa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya fitar da "Adda." Sai ya sake. "Adda. Kar... ki zo... don ni." Ya juya wayar da hannun hagu, tana rawa, ya nuna min taga. Ban ga wani kogi ba, gine-gine ne da hazo. Ya dawo da ita kan fuskarsa yana son ya ƙara wata magana, ta ƙi fita. Na san kalmar da yake nema, gafara ce. Ban taimake shi ba.

Na ce, "A goge maka baki." Abin da na iya cewa ke nan.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na ɓata wa wata mata atamfa, na yanka hannu biyu na ɓari ɗaya. Ban taɓa ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Jibi zan kama hanyar Abuja. Tikiti ya riga ya fita, kuma ba zan bar kogin nan ya wuce ni saboda kowa ba. Na gaya wa Aishatu sarai: ranar jirgin ruwa tawa ce, ko sama za ta faɗo, kuma wata biyu zan yi in dawo kan ɗinkina. Ta ce to, Adda.

Daga nan na tambaye ta yadda take kwantar da shi. Ashe a rigingine take barinsa yini guda, har bayansa ya fara ja. Ruwa kuma a kofi take ba shi yana kwance! Na ce ke, so kike ki shaƙe shi? Na sa ta jingina wayar a kan tebur, na nuna mata da filo yadda ake tallafar kafaɗa, yadda ake buɗe yatsun hannun ɗaya bayan ɗaya, yadda za ta sa gwiwarta ta tare tasa in za ta tayar da shi. Na ce ta riƙa sa shi karanta Fatiha da ƙarfi safe da yamma, ko ba ta fita daidai, harshe sai da motsi. Ban ankara ba har aka kira la'asar, shinkafata ta ƙone.

Ba wani abu ba ne. Kada dai yarinyar nan ta lalata shi kafin in iso. Ina da magana da Mahfuz, doguwa, kuma ba zan yi ta da mutumin da ba ya iya ba ni amsa ba. Sai bakinsa ya buɗe tukuna.