Muryar Baba Dogo a Kan Tabki

Yelwa, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina aiki, ina Ikko, ina zahin gari? Mu nan lahiya lau. Inna ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci, don hoton da ka sa a wasap duk wuya ne.

Yaya, mi ya samu manhajarka? Jiya na buɗe Idon Jirgi sai ga jan rubutu da Turanci a sama. Na kai wa Ruth ɗiyar Kawu Jacob ta karanta min, ta ce wai ranar talatin ga Yuni za a ruhe ta saboda shari'a. Na ce mata ƙarya ne, yayana ya haɗa ta, da ya gaya min. Ta ce to ga shi a rubuce.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka tuna shekarar da kunka yi ta yawo cikin jirgi kai da Baba, kana kara mashi waya a baki, shi kuma yana faɗin inda kututture da duwatsun garuruwan da ruwan dam ya shanye suke ƙarƙashin tabki? Ni lokacin dariya nake muku. Yanzu shekara biyu da rasuwarshi, kuma duk duniya ba inda muryarshi ta rage sai cikin abin nan. Ga shi kun yi ta da ƙeta, ba ta magana a ɗaki, sai jirgi ya kusanci wurin sannan ta buɗe baki. Shi ya sa duk ranar kasuwar Wara nake shiga jirgin Kawu Jacob. Inna na zaton sarin kihi nake zuwa. Ina sarowa kam, amma kihi ai akwai shi nan bakin ruwanmu. Zama nake kusa da wayar da Kawu ke ɗaurewa a jikin sanda, in ji Baba ya ce, “Direba, yi dama, kukar Asibi na ƙasa, tana nan da rassanta.” Wallahi awa yana zaune bayana.

Gidan ga ya yi shiru, Yaya. Inna sai ta wuni ba ta ce uffan ba. 'Yar'uwarmu Aminatu ta koma Birnin Kebbi. Ina da abokai dubu biyu da ɗari huɗu a intanet, amma ran da zazzaɓi ya kwantar da ni akuya ce kaɗai ta leƙo ɗaki, ita ma dusa take nema.

In dai da gaske za a ruhe, ka turo min muryoyin a wayata tun yanzu. Na goge bidiyoyi na yi musu wuri.

Ka huta lahiya.
Ƙanwarka, Zuliha

Ikko, 15 ga Afrilu

Zuliha,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, ina fata kuna lafiya ke da Inna. Ki ce mata ina cin abinci.

Abin da Ruth ta karanta gaskiya ne. Wani kamfani na ƙasar waje yana riƙe da takardar mallakar dabara, wato takardar da hukuma ke ba mutum cewa wata hanyar yin aiki tasa ce, ba mai amfani da ita sai da izininsa. Lauyoyinsu sun ce dabarar da waya ke yin magana da kanta idan ta kusanci wurin da aka yi wa alama a taswira tasu ce, sun yi mata rajista tun kafin mu fara. Lauyanmu yana ganin da za a je kotu ba lallai su yi nasara ba. Amma shari'ar za ta ɗauki shekaru, kamfanin da nake wa aiki kuwa ƙarami ne. Sun zaɓi sulhu, sharaɗin sulhun shi ne a rufe manhajar, a kulle duk abin da ke cikinta.

Game da muryoyin, ba zan iya turo miki ba. Ba su a hannuna. Ranar da kamfanin ya karɓi manhajar ya ɗauke ni aiki, na sa hannu a takarda cewa duk abin da ke ciki ya zama nasu, kuma na goge nawa kamar yadda suka nema. Da na so in ce miki ban karanta da kyau ba. Na karanta. Baba yana da ƙarfinsa a lokacin, ban kawo komai a raina ba.

Na roƙe su sau biyu. Sun ce lauya ya hana a fitar da komai.

Ki yi haƙuri. Kar ki gaya wa Inna tukuna.

Yayanki, Yusha'u

Yelwa, 12 ga Mayu

Yaya Yusha'u,

Salamu alaikum, da fatan kana lahiya. Ka ga na yi kusan wata ban rubuto ba. Hushi nake, kuma ban gama ba, na dai ajiye shi gehe don ina da aiki.

Na je na karanta labarin ku da Hausa a intanet. Ashe haka manyan kamfanonin nan suke, har a kan lanƙwasar gehen waya suna kai juna kotu! Wani ya rubuta a ƙasa wai doka doka ce, wanda ya riga rajista shi ke da abu. Na ce mashi Baba Dogo ya shekara arba'in yana wa direbobi magana in sun kusanci kututture, da bakinshi, ba caji ba data, shi ma sai ya nemi izininsu? Munka yi ta yi har ya toshe ni. Ko a jikina.

To ga dabarata, ni ban yi mata rajista ba. Na ari wayar Ruth. Tawa na magana, tata na ɗauka. Na ƙirga jajayen ɗigon da ke taswira, talatin da ɗaya ne. Matsalar ita ce ƙarar inji, sai an kashe shi ake jin Baba da kyau. Na gaya wa Kawu Jacob, ya kalli ruwa, sannan ya ce, “Ɗiyata, ni da Dogo jirgi ɗaya munka koya. Ko sau ɗari ne zan kashe.”

Kai, ka so ka ga fasinja! Karo na ukku da ya kashe, wata mai albasa ta miƙe ta ce, “Jacob, in jirginka ya tsufa ka faɗa mana mu sauka. Dubi har yau lambar tsohuwar jihar Sakkwato ce a jikinshi!” Kawu ya ce, “Sauka mana, Hajiya, ga hanya nan.” Ko'ina ruwa. Ana cikin dariya sai wayar ta ce, “Direba, rage wuta, nan tsohuwar maƙabarta ce, akwai tsamiya biyu a tsaye. Ku yi musu sallama.” Wani tsoho a baya ya ce, “Wannan ba Dogo ba ne?” Na ce shi ne, ni ɗiyarshi ce. Masu fatiha sunka yi, Kawu ya cire hularshi ya yi tashi addu'ar. Daga nan mai albasar da kanta ke tsawata wa mutane, “Ku yi shiru mana, yarinya na ɗaukar ubanta!”

Ka lura bai taɓa cewa “itace” kawai ba? Kowane da sunan mai shi. Kukar Asibi, giginyar Cindo, dutsen wankin matan gungu, wato tsibiri. Mutanen da ko kabarinsu ba a gani, shi yana kiran su awa jiya sunka rabu.

Yau ina da goma sha tara. Wasu da kukan jariri a ciki, ɗaya da zakara. Na bar su haka.

A gaida mutanen ohis, ban da lauya.
Zuliha

Ikko, 20 ga Mayu

Zuliha,

Wa alaikis salam. Na karanta wasiƙarki sau uku.

Abu ɗaya nake roƙonki, na san halinki: kar ki ɗora ko ɗaya a intanet. Ko a rukunin ƙawayenki. Idan suka gani, ni za su nema.

Babu mutanen ofis da zan gaisar. An sallami mutum shida, saura ni da mai gadi da na'urar da zan kashe da hannuna ranar talatin ga wata mai zuwa, ƙarfe goma sha biyu na rana. Ina zuwa in zauna, in dawo ɗaki. A unguwarmu ba wanda nake Hausa da shi sai mai shayi, shi ma ɗan Nijar ne, yana cewa Hausata ta lalace.

Ɗigo na ƙarshe yana can gefen Ngaski, ba a kan hanyar kasuwa ba. Ruwa yana janyewa yanzu, ki tambayi Kawu ko jirgi zai kai. Idan ba zai kai ba, kar ki sa kanki cikin haɗari.

Ki gaida Inna, ki gaida Kawu da kyau.

Yusha'u

Yelwa, 30 ga Yuni

Yaya,

Salamu alaikum. Ina rubuto maka ƙafafuna cikin roba da ruwan ɗumi, in ka ga kuskure ka yi haƙuri.

Talatin na gama su tun makon jiya. Na ƙarshen ne ya tsaya min. Kawu ya yi ta cewa mu jira ko ruwan sama zai ɗaga tabki, bai ɗaga ba. Yau da sassahe ya ce, “Tashi mu tahi, in ya so mu ga iyakarmu.” Ya bar lodin shinkafa a bakin ruwa, mai kayan na ta zage-zage.

Jirgi ya kai mu inda zai iya, sannan ya zauna cikin laka. Taswira ta nuna saura tahiya. Kawu ya ce, “Ɗiyata, daga nan sai ƙafa, ni kuma gwiwata ba ta yarda.” Ya ba ni sandarshi, ya ce in soka kahin in taka. Na ɗaure wayoyin biyu a ɗankwali na ɗora a ka, na shiga. Laka har gwiwa, Yaya. Takalmina ɗaya na can, na bar wa tabki. Ina tahiya ina duba lokaci ina ce maka a raina, kar ka kuskura ka kashe da wuri don ka je cin abinci.

Na ɗauka zan tarar da wani ƙaton kututture. Ba komai. Wani ɗan tudu ne da ruwa ya bari, sai fasassun tukwane, da duwatsu ukku baƙaƙe a jere awa murhu. Sabis ya ƙi. Na hau tudun na ɗaga waya sama ina juyi awa mahaukaciya, Kawu na hango ni daga nesa yana ihu, “Ta yi?” Sha ɗaya da minti ashirin sai sandar sabis ɗaya ta hito. Na danna ta Ruth.

Baba ya yi gyaran murya tukuna. Sannan ya ce, “Direba, nan gidanmu ne. Nan anka haihe ni. Ba kututture, ba dutse, ba abin da zai taɓa jirginka. Na dai so ka sani. Wuce abinka.”

Shi ke nan. Na zauna cikin lakar. Na ja baya na sake matsowa don ya sake faɗi, ya sake. Na yi haka har sau bakwai. Na takwas ɗin, na matso, na jira, bai ce komai ba. Na duba, sha biyu ta wuce da minti huɗu. Na san kai ne. Ban ji haushinka ba, wallahi, na ma ga ka ƙara min minti huɗu.

Da na dawo gida Inna ta ga laka ta ce, “Wane irin kihi ne wannan?” Sai na gaya mata komai, har da takardar da ka sa wa hannu. Ba ta yi faɗa ba. Na ce in kunna mata? Ta ce ba yau ba. Amma ta karɓi wayar ta sa ƙarƙashin matashinta, yanzu haka da ta Ruth ɗin take kwance, ni ban san mi zan ce wa Ruth ba.

Ban ɗora ko ɗaya ba, ka yaba min, don yatsana har ƙaiƙayi yake. In turo maka?

Ƙanwarka, Zuliha

Ikko, 1 ga Yuli

Zuliha,

Wa alaikis salam. Allah ya yi miki albarka.

Minti huɗun ba don ke ba ne, ban san kina can ba. Hannuna ne ya ƙi.

Wancan ɗigon sau biyu kamfani suka ce in cire shi tunda ba gargaɗi ba ne. Shi kaɗai na yi musu gardama a kai.

Kar ki turo. Takardar ta hana ni riƙe su, kuma ba na son in ji shi a ɗakin nan ni kaɗai. Ki kwafe su a wuri biyu, ki mayar wa Ruth wayarta. Idan Inna ta ce yau ne, ki ce ta jira ni. Ina neman mota.

Yayanki, Yusha'u