Shamuwa Ta Sauka a Tsamiyar Baba

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aikin kuza? Yaya iyali da sanyin Jos? Mu nan Guri lafiya lau.

Albishirinka! Ka tuna tsamiyar kurmin bayan gari, wadda Baba ya hana 'yan aikin hanyar Bature su sare? Tun da ruwa ya janye dinya, agwagwar nan ta daji, ta tashi, kurmin ya koma sai birai da zabin daji, Baba kuma ya kwanta, ko abinci ba ya ci. Jiya shamuwa ta sauka kan tsamiyar. Ina faɗa masa ya tashi zaune, ya ce, "Hauwa, damina ta zo! Fito da iri, ki dama min fura."

Ka sa shi a addu'a, ka gaida Yaya Ladi. Baba ya ce sunguminka na jiranka.

Ƙanwarka,
Hauwa