Hatimin Inna Dije

Zuwa ga mahaifina, Mushe Ilu, kamar yadda ɗalibanka ke kiranka da Faransanci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Matameye lafiya lau. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in shaida maka Sani, ɗan maƙwabciyarmu Inna Dije, ya dawo.

Ka tuna kalandar nan ta kan teburinka, wadda abokinka ya aiko maka daga Damagaram a shekarar fari? Kowace rana da takardarta, ana yagewa. A bayan kowace takarda akwai wasan nan na Faransanci, zane mai ƙananan gidaje, wasu baƙaƙe wasu farare, a cike fararen da haruffa har kalmomi su haɗu tsaye da kwance. Kafin ka tafi lakwal koyar da yara kakan zauna a zaure da fensir, ka cike abin da ka sani, ka bar sauran. Ba ka taɓa damuwa da gamawa ba. Haka kake da komai, har da gyaran dangar gidanmu.

Shekarar nan gero bai kai gwiwa ba. Sojoji ke mulki, su ke tsaron layin rabon jar dawa. Mazan gari sun tsallaka Nijeriya cin rani tun kafin lokaci, cikinsu har da Sani, wanda shi kaɗai uwarsa ta haifa. Wasu suna aike, shi shiru. Aka kuma rufe iyaka.

Wata safiya Inna Dije ta shigo ɗiban wuta, ta leƙa abin da ke hannunka. Ita da ba ta taɓa ganin haruffa cikin gidaje ba sai a hatimin malamai, nan take ta durƙusa, ta roƙe ka ka yi mata na kiranye ɗanta ya dawo. Ka yi mata bayani har da rantsuwa cewa wasan Nasara ne, ka ce ta je wajen liman. Ta ce duk malamin ƙwarai haka yake ɓoye kansa, ta ƙi tashi. Ka yage ka miƙa mata don ka samu ka tafi aiki.

Ba ta kai ƙofa ba ta juyo. Ta nuna maka gidajen da ka bari babu komai, ta ce, "Mushe, ai ta nan zai zurare."

Daga ranar ba ka sake barin gida ɗaya ba. Na gan ka a kan ƙamus har shayinka ya huce. Na gan ka ka taka har asibiti wajen likita saboda kalma ɗaya. Mahaifiyarmu ta yi ta yi maka tsiya, wai malamin lakwal ya koma tsibbu. Kullum sai ka maimaita wa Inna Dije cewa wasa ne, ita kuma kullum ta ce ta ji, ta ƙulle a bakin zane. Da kalandar ta ƙare, ka riƙa zana gidajen da kanka a takardar 'yan makaranta, har bazarar da Inna Dije ta rasu.

Ban san ko daidai ka yi ba, har gobe. Abin da na gani da idona, matar nan ta daina wuni a tasha tana leƙa motoci, ta koma cin abinci.

Makon jiya Sani ya sauka, da furfura da ɗingishi. Bai faɗi inda ya shiga ba, ni ma ban tambaya ba. Dangi suka raka shi maƙabarta, sannan suka ba shi kwallar da uwarsa ta bari. Takardunka ne a ciki, a ninke, wasu gara ta taɓa. Ya kawo mini in karanta masa, tunda ni ce na gaje ka a lakwal. Na buɗe ɗaya, sunan wani kogi ne, da wani tsuntsu, da abincin da ba mu taɓa gani ba. Na gaya masa abin da ke ciki ban rage komai ba, na kuma gaya masa saboda wa aka cike. Ya daɗe yana kallon takardar. Can ya ce, "Ashe hatimin ya ci. Ni ne na makara."

Baba, kewarka ta kama ni a wurin, sai da na tashi na shiga ɗaki.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka in akwai laifi a ciki. Ya jiƙan Inna Dije, ya haskaka makwancinta, ya sa labarin ya iske ta.

'Yarka,
Hadiza