Kebul Ɗin da Na Zura ta Bango

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ina da shagon buga takardu a wani gari kusa da Zakirai. Bango ɗaya ya raba ni da wani ɗakin gwajin jini. Kowa da intanet ɗinsa, amma firinta ni kaɗai ke da ita. Kullum Asama'u, mai shigar musu da sakamako, sai ta zagayo da filashi. Na ga wahalar ta yi yawa, sai na huda bango na zura kebul, na haɗa na'urar intanet ɗinsu da tawa, ta riƙa turo bugu daga kujerarta. Ban gaya wa mai ɗakin gwajin ba. Har yabon kaina na yi.

Ranar kasuwa shago ya cika da masu buga takardar neman taki. Ta turo sakamakon wani magidanci, ya fito a tsakiyar takardun mutane, na tattara na miƙa wa wani manomi ban duba ba. Da ta zo ɗauka na gane abin da na yi, amma na ce ƙila bai shigo ba. Kafin la'asar ciwon bawan Allahn nan ya zaga gari. Yanzu ko masallaci ba ya fita. Aka ce bakin Asama'u ne, aka sallame ta.

In na faɗa, shagona ya mutu, ga 'ya'ya huɗu. In na yi shiru, wallahi kunyar kaina nake ji.

Mai shago, Gabasawa

Malam mai shago, niyyarka ta alheri ce, tsoronka kuma ba na banza ba ne. Amma haɗa intanet biyu kamar rushe katanga ne tsakanin gida biyu, ba firinta kaɗai ke bi ta ɓarakar ba. Cire kebul ɗin yau. Sirrin majinyata na buƙatar firintarsu ta kansu, a ɗakinsu.

Sannan ka samu mai wurin, tare da dattijon da yake jin nauyinsa, ka faɗi gaskiya duka, har ƙaryar da ka yi wa Asama'u. Ka nemi yafiyar magidancin nan a keɓe, kar ka ƙara tara masa jama'a.

Ba zan ruɗe ka ba, za ka iya rasa masu ciniki. Amma ciniki na dawowa, sunan mace kuwa in ya ɓaci a ƙauye, da wuya ya wanku, kuma kai kaɗai ne za ka iya wanke nata. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya.