Inna, an fara yanka jirgin Baba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, labarin da na zo da shi ba mai daɗi ba ne. An fara yanka jirgin Baba.

Ke kika ba ni tarihinsa a ɗakinmu na unguwar Ammariyya, nan Jidda, kina tsintar shinkafa. Kin ce a babban yaƙin Turawa aka ɗauki Baba aikin jirgin ruwa daga Bur Sudan, ina goye. Jirgin ba na faɗa ba ne, ɗan aike ne: gawayi, fulawa da ruwan sha yake kai wa jirage masu igwa. Baba yana can ƙasa, yana ciyar da wutar inji da shebur. Ranar da bom ya faɗo kusa da su, bututun tururi ya fashe a kansa. Aka naɗe shi a tamfol, aka ɗaura masa ƙarfe, aka sake shi a Bahar Maliya. Ke kuma aka kawo miki bargonsa.

Shi jirgin bai mutu ba. Da yaƙi ya ƙare aka sayar da shi, aka shafe sunansa da fenti, ya koma jigilar alhazai. A cikinsa muka ƙetaro zuwa Jidda. Tun daga tsani kika gane shi, har muka sauka ba ki sa komai a baki ba. Daga alhazai ya koma ɗaukar tumaki, shi ma tsufa bai zo masa da girma ba. Ƙarshe ya hau dutsen teku kudu da garin nan, ya kwanta a gefe guda.

Kika ce, "Kowa shi ke zuwa kabari, amma kabarin ubanka shi ya biyo mu." Duk ƙaramar salla mukan tsaya a gaɓa, mu dubi tsatsar nan, mu yi masa addu'a. Kafin ki rasu kin sa na yi alkawarin ba zan daina ba. Ban daina ba, har na kai ga dogara sanda.

Shekaranjiya na tarar da ma'aikata da wutar yankan ƙarfe. Na yi wa shugabansu bayani. Ya saurara da ladabi, ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, ƙarfe ne kawai, shi ke nan." Ban yi musu ba. Gaskiya ya faɗa, taushi ne ba ta da shi.

Na roƙi ƙofar murhun da Baba ya yi aiki a gabanta, ya ce in ɗauka in zan iya. Inna, ko motsa ta ban iya ba. Kuma ina zan kai ta? Kin san a maƙabartar garin nan ba a sa alama. Ke kanki layinki kawai na sani, shi ma na fara kokwanto.

Ki yafe mini, Innata. Alkawarin ya rasa wurin tsayawa. Daga bana a kan darduma zan kira sunayenku tare, tunda yanzu kun yi daidai: shi ba alama, ke ba alama.

Allah da ya san inda kowannenku yake kwance, ya haɗa ku a Aljanna, ya sanyaya wa Baba.

Ɗanki da ya girmi ubansa,
Sale