Yayana Ya Toshe Bakin Tafinta, Ni Ake Zagi

Anti, ki agaza mini da shawara kafin in yi abin da zai ɓata zumunci.

Ni mai rubuta manhaja ce. Kamfaninmu yana da nasa yaren kwamfuta da masu kantuna ke tsara kayansu da shi, da manhajar da ke karanta umarnin tana aiwatarwa, wadda muke kira tafinta. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya shi ne babba a sashenmu, shi ya samo mini aikin.

Akwai wata cuta a sana'armu. Fayil na farko ya ce ba zai tashi ba sai an ɗauko masa na biyu, na biyun ma ya ce sai an ɗauko na farko, kamar mutum biyu a bakin ƙofa kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara shiga. Ni na koya wa tafinta gane wannan zagayen. Da ya gani sai ya tsaya, ya faɗi wane fayil ne ya kira wane. Na sha wuya a kai ba kaɗan ba.

Ashe fayilolin Yaya guda biyu tafintan zai fara kamawa, kuma ana gobe za a nuna wa baƙi aikin. Maimakon ya gyara nasa, sai ya shiga fayil ɗina ya kashe gargaɗin. Yanzu tafinta in ya ga zagaye sai ya yi gum, ya ɗauki fayil rabinsa fanko ya wuce. Masu kantuna sai kira suke, kaya na ɓacewa daga allo. A ofishinmu kuwa, wanda sunansa ke saman fayil shi ke da laifi, kuma sunana ne. Oga ya ce in ban gyara ba, zai karɓe aikin daga hannuna.

Na sami Yaya yana cin gyaɗa yana zubar da ɓawo kan madannan kwamfuta, ya ce wai na cika tsirfa. Wallahi ƙyamarsa ta kama ni, ko gaisuwarsa ba na son ji. Mama kuma ta ce kada in tona wa babba asiri.

Ƙanwar da ta ƙosa

'Yata, ni ma abin ya ba ni takaici. Wanda ya kashe gargaɗi bai yi gyara ba, ƙazanta ya tura ƙarƙashin tabarma, kuma tabarmarki.

Amma ki yi masa adalci. Baƙi na tafe, aikin ƙanwarsa ya nuna shi da yatsa, tsoro da kunya suka haɗu masa. Ba na jin ya yi don ya cuce ki.

Ki bar Mama, wannan ba maganar gida ba ce. Ki same shi shi kaɗai da gyaran a hannu: a ciro abin da fayilolinsa biyu ke nema a wurin juna, a zuba a fayil na uku, a mayar da gargaɗin. Sannan ki ce masa ya je da ƙafarsa ya gaya wa Oga wanda ya kashe shi. Ki sa masa rana. In ranar ta wuce, ki je da kanki, ki faɗi abin da ya faru ba zagi ba ƙari.

Ya samo miki aiki, kin gode. Amma bai sayi sunanki ba. Allah ya daidaita tsakaninku.